Tuwon Kawu a Central Park

Ranar Asabar 23 ga Janairun 2016, birnin Niyok ya sha dusar ƙanƙarar da bai taɓa shan irinta ba tun da aka fara awo. A lambun Central Park, inda masana yanayi suka kafa ma'auninsu, da farko an ce inci 26.8 ta zuba. Bayan 'yan watanni suka sake lissafi suka ce a'a, 27.5 ne, wato kusan santimita 70. Da ni suka tambaya da ban bari sun wahala ba, don da ƙafata na auna ta. Gwamna Andrew Cuomo ya hana motoci hawa titi tun ƙarfe biyu da rabi na rana, ba a ɗage dokar ba sai bakwai na safiyar Lahadi.

Kawuna da nake zaune a gidansa a Harlem direban tasi ne, kuma wunin da motarsa ta yi a ajiye ya tsaya masa a rai. Ranar Lahadin tun asuba ya saɓi shebur ya je ya tono ta. Wajen azahar ya bugo waya, wai yana gabashin lambun, a Fifth Avenue daidai titi na 72, yunwa na neman kashe shi, a aiko ni da abinci.

"Ka hau jirgin ƙasa na C ka sauka a titi na 72, ka ratsa lambun ka ɓullo ta gabas," in ji shi. "Faɗinsa bai fi mita 800 ba. Ko gurgu kwata ya ishe shi."

Inna ta zuba tuwon shinkafa da miyar taushe a kula mai hawa biyu. Sai ta dubi takalmina, sau-ciki na fata wanda nake ji da shi, ta girgiza kai, ta ɗauko ledar burodi guda biyu ta ce in zura a kan safa. Na zura, na fita ina ƙaras-ƙaras a matakala.

Abin da Kawu bai faɗa mini ba shi ne, waɗanda suka zana wannan lambu ba su yarda da miƙaƙƙiyar hanya ba. Frederick Law Olmsted da Calvert Vaux, da suka ci gasar tsara shi a 1858, so suke mutumin birni ya shiga ya manta da birni. Eka 843 ne, tafkin da ke ciki haƙa shi aka yi, itatuwan dasa su aka yi, hanyoyin kuwa da gangan aka murɗe su. Duk da haka akwai titin da ke ratsawa ta wajen 72, an ma share shi, kuma a kansa na fara tafiya kamar mutumin kirki.

Sai na hango gada. Bow Bridge ce, ta ƙarfe, ta lanƙwasa a kan tafkin, fari fat, jama'a na ta ɗaukar hoto. Na ce ai ba za a ce na zo Amurka ban aika wa 'yan gida wannan ba. Na tsaya a tsakiya, kula a hannun hagu, waya a dama, na cire safar hannu da haƙori. Wayar tana da caji fiye da rabi, amma sanyi ya sa ta yi ɗif, ta tafi da taswirar da lambar Kawu gaba ɗaya.

Maimakon in koma, na ce gada ai ƙetarawa ake yi. Can ƙetaren shi ake kira Ramble, kurmi mai eka 36 da aka gina musamman don mutum ya ɓace cikin nishaɗi. Da rani ma 'yan gari kan rikice a ciki, balle ranar da babu hanya, babu dutse, babu benci, komai ya zama tudu fari. Kallon kitse na yi wa rogo. Taku na farko na nutse har gwiwa, na biyu na taka abin da daga baya na gane kwandon shara ne. Haka na riƙa ɗaga ƙafa sama ina direwa kamar mai tsallaka kunyoyin gona.

A nan ne ledar Inna ta nuna halinta. Gaskiya ba ta bari ruwa ya shiga ta ƙasa ba. Amma ƙanƙarar da ta zuro ta sama ta narke a ciki, kuma ledar da ta iya hana ruwa shiga ta fi iya hana shi fita. Kowace ƙafa ta samu tafkinta.

Na ga sawun mutum, na yi hamdala na bi shi. Sawun ya zaga wani dutse, ya gangara, ya hau, ya dawo gindin wata bishiya. Na tsaya ina tsine wa wannan sakaran da bai san inda za shi ba, sai na lura duk inda ya taka akwai tambarin dunduniyar sau-ciki.

Wata tsohuwa ce ta cece ni, tana jan kare da aka sa wa rigar sanyi da takalma huɗu, kaya dai sun fi nawa. Ta kai ni gindin turken fitila ta goge shi da hannu, sai ga lamba huɗu. Biyun farko, in ji ta, titin da ya fi kusa ne. Na ƙarshe kuwa in ya rabu biyu daidai kana ɓangaren gabas, in bai rabu ba kana yamma. Dabara ce mai kyau, amma ya kamata a riƙa faɗa wa baƙo tun a filin jirgi. Na bi turaku ɗaya bayan ɗaya, ina goge su ina karantawa, har na fito.

Saura Pilgrim Hill, tudun da yara ke zamiya a kansa, daf da inda Kawu yake. Rabin yaran birnin suna wurin, wasu da abin zamiya na roba, wasu da kwali, wani ma da farantin gashin burodi. Sun daddanne ƙanƙarar ta yi sulɓi. Na hau har bisa tudun don in hango tasin, na kuwa hango ta. Daga nan takalmin ya yanke shawara ba tare da ni ba.

Na tafi a rigingine, ƙafafu a sama, ledoji na kaɗawa, ina salati da ƙarfi. Kular ta ƙwace ta wuce ni, tana mirginawa cikin natsuwa, ta riga ni isa ƙasa da tazara mai kyau. Yara suka ɗauki tafi. Wani uba ya ɗaga mini babban yatsa, ɗansa kuma ya tambaye ni ko zan ara masa kular ya gwada.

La'asar ta yi sakaliya na ƙwanƙwasa gilashin motar. Kawu ya dube ni daga hula zuwa leda, bai ce uffan ba, ya karɓi kular ya buɗe. Miya ta haura sama, tuwo ya gangaro ƙasa, sun cakuɗe sun daskare wuri guda. Ya ɗora ta a bakin hita, ya jira, ya gutsura, ya tauna a hankali.

"Ina yajin?"

Na ce, "Kawu, wane yaji?"

"Innarka ta ce ta ƙulla a leda ta sa maka a aljihun baya."

Na shafa aljihun. Sai a lokacin na gane ɗumin da nake ji tun daga kan tudu ba na lafiya ba ne.