Ingarmana Ya Fito Ba Ƙafa

A garin Irving na jihar Texas a Amurka akwai dawakan daji tara na tagulla suna ƙetare ruwa a sukwane. Robert Glen, haifaffen Kenya, aka ba aikin a 1976. A Ingila aka yi zubinsu, aka kwaso su a jirgin sama, ba a buɗe wurin ba sai 1984. Har ruwa aka sa yana tsartuwa daga ƙarƙashin kofatansu. Mai hankali in ya ga hoton sai ya yaba ya wuce. Ni kuwa cewa na yi, "Shekara takwas a kan doki? Sai ka ce kiwonsu ya yi!"

Sai na ɗaura niyyar zuba nawa. Dokin daji na zaɓa saboda lalaci, don ba sirdi, ba linzami, ba jalala. Ashe kayan hawan sallah rufin asiri ne. Doki tsirara ba inda za ka ɓoye gwiwar da ka kasa.

Hanyar zubin tsohuwa ce, da ita magabatan Ife da Benin suka yi suna: ka siffata abin da kakin zuma, ka lulluɓe shi da yumɓu, ka gasa kakin ya tsiyaye, sannan ka ɗura narkakken ƙarfe a gurbinsa. Kakin da na sayo da sauran zuma a jikinsa, don haka kafin gari ya waye kiyashi sun cinye gezar. Na gyara, na ajiye a taga ya sha iska, a watan Afrilu. Da azahar na tarar wuyan ya sunkuya, ingarma yana neman gafara. Hajiyarmu ta leƙo ta ce, "Gunki kuma a gidan nan?" Ta matso ta duba da kyau, sai hankalinta ya kwanta. Ta ce wannan bai yi kama da wata halitta ta Ubangiji ba.

Tagulla ta gaske haɗin jan ƙarfe ne da kuza. Tawa haɗin tsofaffin kawunan famfo ce da makullan da suka rasa kwaɗunansu. Na lulluɓe dokin da yumɓu, na kai wa wani dattijo mai zubin tukwane. Ya juya yumɓun a hannu, ya ce, "Yaro, ina hanyar iska?" Na ce, "Baba, ƙarfe za mu zuba, ba iska ba." Ya yi shiru, ya ci gaba da zuga wuta.

Abin da yake nufi shi ne, in ƙarfe ya shiga dole iskar ciki ta sami mafita, in ba haka ba ta tare shi a siraran wurare. Doki mai gudu kuwa duk sirinsa a ƙafa yake. Da muka fasa yumɓun, ciki ya fito lafiya, har ya yi ƙiba. Kai ma ga shi nan, in mutum yana da kyakkyawan zato. Ƙafafu huɗu kuma ko ɗaya ba ta halarci taron ba.

Uwargida ta tokare ƙofar kicin da shi har ya fasa mata ɗan yatsa, sannan ta kira ɗan gwangwan. Ya ɗora a sikeli, ya duba sama, ya duba ƙasa, ya ce, "Maigida, wannan daga wane injin markaɗe ya ɓalle?"