Wauta Ma Tana Da Sharuɗɗanta

Na daɗe ina nazarin labarun nan da rediyo kan ajiye sai ƙarshen shiri, bayan an gama da yaƙe-yaƙe da kasafin kuɗi, har na haƙiƙance cewa ɗan Adam, idan cikinsa ya cika, ba ya wadatuwa da aikata wauta kawai, sai ya kafa mata rukunai da sharuɗɗa, ya naɗa alƙalai, kana ya sa a sayi tikitin shiga.

A garin Bunyol na ƙasar Sifaniya, kowace Larabar ƙarshe ta watan Agusta, manyan motoci kan zube tumatir fiye da tan 100 a titi, jama'a su yi ta jifar juna sa'a guda cur, har ruwansa ya rufe idon sawu. Al'adar ta faro ne a 1945, amma a 2013 hukuma ta ƙayyade mahalarta a kan mutum 20,000, ta kuma sa kuɗin shiga. Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne ladubban al'amarin: wajibi ne mutum ya matse tumatirin kafin ya jefa, don kada ya cutar da ɗan'uwansa, yage rigar wani kuwa abin ƙi ne. Da na karanta wa uwargidana wannan, alhali ta dawo daga cefane da ƙwaya biyar a leda, ba ta ce uffan ba, sai ta tambaye ni ko ana barin baƙi su zo da kwando.

Mutanen Ingila kuwa, masu gangarowa daga tudun Cooper suna bin dunƙulen cuku har su kakkarye, ba su buƙatar dogon sharhi. Likitocinsu sun ishe su.

A Sonkajärvi ta ƙasar Finlan kuwa, tun 1992 ake gasar gudu da mata a kafaɗa, nisan mita 253 da rabi, har da ratsa ruwa. Sharaɗi ne nauyin matar kada ya gaza kilo 49, in ya gaza sai a rataya mata kaya ta cika mizani, kuma dokar ta yarda mutum ya ɗauko matar maƙwabcinsa, mas'alar da ba na jin wani malami zai ɓata tawada a kanta. Ladan gwani shi ne giya daidai nauyin abin da ya ɗauko. Wal'iyazu billahi.

Amma duk waɗannan almajirai ne a gaban mutanen birnin New York, inda a watan Nuwamban 2024 gidan gwanjon Sotheby's ya sayar da ayaba guda, wadda Maurizio Cattelan ɗan Italiya ya liƙa a bango da salatef, a kan dala miliyan 6.2. Mai saye, Justin Sun, takardar shaida aka ba shi, tare da bayanin yadda zai riƙa sauya ayabar idan ta ruɓe. Bayan 'yan kwanaki ya tara 'yan jarida a Hong Kong, ya ɓare wata ayabar da aka liƙa a bango, ya cinye a gabansu. A majalisarmu ta ƙofar gida har yau saɓani bai ƙare ba: wasu sun ce miliyoyin ya haɗiye, wasu sun ce tunda takardar tana nan, ayaba kawai ya ci. Mai shayinmu dai, tun ran nan, ya daina ba da aron salatef.