Aljihuna Kunne Gare Shi

Mutane suna cewa ina da kyauta, ni kuma ba na musawa, don maganar tana yi mini daɗi. Abin da ba su sani ba shi ne aljihuna kunne gare shi, ido ne bai da shi. Wanda ya iya kiran sunana da na kakana shi ke samu. Wanda ya zo a ladabce da takarda a hannu, tambayoyi yake sha.

A wurin ɗaurin aure halina ke fitowa fili. Da maroƙi ya hango ni sai ya karkato lasifikarsa: "Ga na Hajiya, jikan malamai, mai bayarwa ba ya waiwaye!" Na san bai san kakana ba. Na kuma ji da kunnena lokacin da ya yi wa wani dillalin taya wannan kirarin ɗazu. Duk da haka sai in ji babbar rigata ta ƙara faɗi, hannuna ya nufi aljihu ba tare da ya yi shawara da ni ba. In akwai kiɗa har liƙi nake yi, alhali dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ta haramta liƙa naira, hukuncin kuwa ɗaurin aƙalla wata shida ne ko tarar aƙalla naira 50,000. Maroƙi bai taɓa ba ni rasit ba, ni ma ban taɓa nema ba.

To bari 'yan kwamitin marayu na unguwarmu su yi sallama. Nan take sai in rikiɗe in koma odita. Kuna da rajista da hukumar CAC? Su waye amintattunku? Asusun banki da sunan ƙungiya aka buɗe shi ko da sunan ma'aji? Buhu nawa kuka raba da azumin bara, kuma wa ya shaida? Shugabansu dattijo ne, tsohon malamin firamare. Bai ɓata rai ba. Ya zaro wani littafi mai bangon leda daga jakarsa ya buɗe mini: sunan kowane yaro, sunan mai riƙonsa, ajinsa, kuɗin makaranta, yadin sallah. A wani shafin har da rasit ɗin kemis an manne shi da gam. Na yi ta juya shafuka ina gyaɗa kai, sannan na ce, "Baba, aiki ya yi kyau. Zan neme ku bayan albashi." Ya ce, "Allah ya kai mu, Alhaji." Allah kuwa ya kai mu, ni ne dai ban neme su ba.

Kada a ɗauka tambayoyin nan laifi ne. Daidai suke, kuma duk mai son sadakarsa ta isa inda ya nufa ya kamata ya yi su. Mun sha ganin hoton yaro kwance a gadon asibiti yana yawo a WhatsApp da lambar asusun mutum ɗaya, bayan shekara hoton ya sake dawowa da wani sunan. Ana iya duba rajistar ƙungiya a shafin CAC kyauta, ko da yake takarda ba ta shaidar amana. Zuwa da ƙafa a ga yaran, a ga aikin, a tambayi maƙwabta, shi ya fi. Wuraren bayarwa kuma ba su yi ƙaranci ba. Kano na da Hukumar Zakka da Hubusi tun 2003. Ƙungiyar mata Musulmi ta FOMWAN, wadda aka kafa a Minna a 1985, tana gudanar da makarantu da asibitoci. Izala na tara fatun layya duk Babbar Sallah. Aya ta 60 a Suratut Tauba ta lissafa mutum takwas da suka cancanci zakka, na bi su ɗaya bayan ɗaya, ban ga gwanin kirari a ciki ba. Maroƙin shi ma yana da iyali, ban ce a hana shi ba, sai dai ba don talaucinsa nake ba shi ba.

Matsalata ita ce ba don in gano gaskiya nake tambaya ba, ƙofar zillewa nake nema. Da a ce an kasa amsawa, da na ji daɗi. Maiɗakina ta riga ni ganewa. Ta ce, "Alhaji, da kwamitin nan za su ɗauki maroƙi aiki, da tuni ka gina musu makaranta." Na yi niyyar yin fushi, sai na rasa ta inda zan fara.

Don haka ina roƙon masu riƙe da irin waɗannan kwamitoci: ku riƙa manna lissafin abin da ya shigo da abin da ya fita a bangon masallaci, kowa ya karanta, ku toshe bakin irina. In kuma mutum ya ce muku sai bayan albashi, kada ku ji kunyarsa, ku koma masa a ƙarshen wata.