Kafin Ka Tsaya Gaban Mai Hoto

Mutumin Gidan Goga da ya yi niyyar ɗaukar hoton da za a rataye a bango, ya fara da sasantawa da ƙurar hanya. Kada ka saka shaddarka tun daga gida. Ninke ta a leda, ka hau kabu-kabu da tsohuwar riga, sai ka isa Maradun ko Talata Mafara ka canza. In ka ƙi ji, farar shadda za ta sauka ja, gashin idonka kuma ya yi furfurar da shekarunka ba su kai ba. Ranar Talata kasuwa ke ci a Mafara, kowa da hoton fasfo a bakinsa, don haka ka yi sammako ko ka zaɓi wata rana.

Da hunturu a shafa man kaɗanya a leɓe, amma a yi wa goshi adalci. In ya yi yawa, fitilar kyamara na haskawa za ka fito kana ƙyalli kamar ƙosan da aka tsamo yanzu. Goro kuma a ba shi hutun kwana ɗaya, a nemi asuwaki. Hajiya, lalle kwana biyu kafin ranar, kuma a gama ɗaurin ɗankwali kafin mai hoto ya fara gyaran murya.

Babban aikin yana fuska. Mutanenmu da sun ga kyamara sai su ƙame, su haɗe gira, su daina numfashi. Wannan fuskar ta katin zaɓe ce, a bar wa INEC kayanta. Sauke kafaɗa, ka tuno wanda ya taɓa biyan ka bashi ba ka tambaya ba, murmushi zai zo da kansa.

Za a nuna maka labule mai benayen Dubai. Dam ɗin Bakolori yana nan tun 1978, kuma hasken bayan la'asar a bakin ruwa ya fi kowane labule. Rana tsaka kam sai runtse ido.

Sannan ka roƙi mai hoto da girman Allah kada ya wanke ka da kwamfuta. Ya bar maka launinka da tsagen gidanku, don kada kakarka ta karɓi hoton ta juya shi, ta tambaya ko ɗan gidan wane ne. Ka ce ya tura maka shi a waya kafin ka cika masa kuɗinsa.