Kilishi a Tantin Masai Mara

Duk wanda ya tsufa yana sayar da shadda a Kantin Kwari ya san araha ba ta ado. In an shimfiɗa maka kaya kala-kala, kada ka tsaya shafe-shafe, tambayi mai tsadar ka ɗauka. Da wannan karatu na aurar da 'ya'yana, da shi na gina gida mai katangar da sai hularka ta faɗi kafin ka hango ƙarshenta, da shi kuma na zaɓa wa iyalina wurin kwana a dajin Kenya.

Surukina ne ya jawo maganar. Aiki ya kai shi Nairobi shi da ɗiyata, sai ya ga ya dace ya kai mu, ni da Hajiya, kallon namun daji a Masai Mara cikin watan Agusta. Lokacin ne wata dabba da mutanen can ke kira nyumbu, mai kan ɓauna da gemun bunsuru da wutsiyar doki, take kwararowa daga Serengeti ta Tanzaniya, sama da miliyan guda, su riƙa faɗawa kogin Mara kadoji na jiransu. Na ce masa ni fa na je Yankari, na yi wanka a Wikki, har gwaggon biri ya ƙwace mini burodi, me kuma ya rage? Ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, wannan daban ne." Yaro ne mai kunya, bai ƙara ba.

Masaukin farko shi ya zaɓa, kuma ban ga laifinsa ba. Gini ne na dutse, ƙofa da makulli, an kewaye shi da waya mai lantarki. Rigima ta taso ne lokacin da wata mata ta kamfanin yawon da ya shirya tafiyar ta ce akwai sauran 'yan kwanaki a tsarin tafiyar, a ƙara sansani ɗaya. Aka jefa maganar a zauren WhatsApp na gida, wuri ya kaure.

Ɗiyata ta ce Amboseli, don ta ɗauki hoton giwaye ga dutsen Kilimanjaro a bayansu, mai tsawon mita 5,895. Mijinta ya tuna mata cewa dutsen yakan wuni cikin gajimare, sai da sassafe ko gab da magariba yake leƙowa in ya ga dama. Shi Ol Pejeta yake so, inda ake gadin karkanda biyu da suka rage a duniya daga jinsin fararen karkandan arewa, Najin da 'yarta Fatu, tunda namijinsu na ƙarshe, Sudan, ya mutu a 2018. Na ce ban hau jirgi don in je ta'aziyyar karkanda ba. Autana, wanda ko gayyatarsa ba a yi ba, ya fi kowa zaƙewa. Wai Samburu, akwai wata barewa mai dogon wuya da ke miƙewa kan ƙafafun baya tana cin ganye. Hajiya sau ɗaya ta yi magana, da saƙon murya: "Ko ina ne, in dai ƙofa na kulluwa."

Da na ga abin ba zai ƙare ba, na ce a turo mini farashi. Can saman takardar ga wani ɗan sansani a bakin kogi, kwana ɗaya mutum ɗaya ya haura dala dubu. Matar ta yi mini bayani ta waya, surukina na fassara. A kewayen gandun gwamnati akwai filayen Masai da kamfanoni ke haya suna biyan masu ƙasar, irin su Naboisho da Mara North da Olare Motorogi. A can an ƙayyade yawan gadaje da motoci, ana fita kallon dabbobi da dare, ana ma yawo a ƙafa, abin da aka hana a cikin gandun. Sansanin yana cikin ɗaya daga irin waɗannan filaye. Na ce shi ke nan, kuma wannan ni zan biya, don ba zan bari suruki ya ciyar da ni tun daga farko har ƙarshe ba.

Matar ta ce, "Amma Alhaji ya san tanti ne, kuma babu shinge?"

Na ce a gaya mata na kwana a tantin Mina tun ba a haife ta ba. Maganar shinge kuwa na ɗauka irin tawali'un 'yan kasuwa ne. Wa zai karɓi dala dubu ya kasa sayen bulo?

A filin jirgi na Wilson, inda ƙananan jirage ke tashi zuwa daji, aka ce kowa kilo 15 kacal, kuma a jaka mai laushi. Akwatin Hajiya ya koma gida da kashi biyu cikin uku na atamfofinta, ta ƙi yi mini magana har muka sauka. Ni kam na rage takalma na rage huluna, amma ƙunshin kilishin da na naɗe cikin babbar riga bai motsa ba. Na san abincin Turawa.

Masaukin farko lafiya lau. Ana biya wa kowa dala 200 kullum kuɗin shiga gandu, mu je bakin kogi mu tarar da motoci sun yi jerin gwano, kowa ya saita kyamara. Nyumbu suka taru dubbai a kan gaɓa, suka leƙa ruwa, suka yi shawara har azahar, suka fasa.

Da motar sansani na biyu ta tsaya, wata manaja ta tarbe mu da jiƙaƙƙen tawul da lemo. Ni kuwa get nake nema. Na duba gabas na duba yamma, babu get, babu ɗakin maigadi, ko karan dawa ɗaya ba a kafa ba. Inda ciyawar daji ta ƙare nan ƙafar gadona ta fara. Tantin dai ba laifi, gado ya ci mutum huɗu, dardumai, fitilun tagulla, banɗaki mai ruwa. Hajiya ta wuce duk wannan ta tsaya a ƙofa. Ta ja zif sama, ta ja shi ƙasa, ta juyo ta kalle ni.

Manaja ta karanto dokoki. In rana ta faɗi ba mai fita sai da ɗan rakiya. Ga oba-oba, ga usur in abu ya ɓaci. Sannan ta ɗaga yatsa ta ce kada a ajiye abinci a tanti, ko alewa. Na gyaɗa kai da gaskiyata, don kilishi ba abinci ba ne, abin taɓa baki ne.

A faɗi gaskiya, yammacin nan kuɗina ya yi magana. Muka tarar da damisa ta haye bishiya da barewar da ta kashe, ta rataye ta a reshe, kuma motarmu kaɗai ce a wurin. Ina jin ƙarar haƙoranta a kan ƙashi. Na kalli surukina na ce, "Ka gani?" Ya ce, "Na gani, Baba."

Bayan cin abinci wani matashin Masai mai jan mayafi ya raka mu, tocila a hannu ɗaya, mashi a ɗaya. Duk inda ya haska sai idanu su haska mu. Na tambaye shi ina bindigar, ya yi dariya ya girgiza mashin. A bakin tanti na tuɓe takalmana na fata 'yan Italiya, na jera su a waje kamar yadda aka tarbiyyantar da ni. Sanyi kuwa ba a magana, don ƙasar tudu ce, ta haura mita 1,500, kuma Agusta lokacin sanyinsu ne. Na kashe fitila na zura ƙafa cikin bargo.

Sai na taɓa wani abu. Mai ɗumi, mai laushi, mai gashi. Na ɗan danna shi da babban yatsa, ya motsa.

Na ce, "Hajiya, kada ki motsa. Akwai abu a gadon nan."

Ta ce cikin raɗa, "Alhaji, nan gefena ma akwai."

Biyu ke nan, mata da miji. Ban san lokacin da na dira ba. Hannuna ya faɗa kan laimar da aka jingine a gefen gado, mai tsinin ƙarfe, na yi bisimilla na soka ta cikin bargo da ƙarfin da ban san ina da shi ba. Wani ruwa mai ɗumi ya feso mini a hannu. Na ce jini ne. Na laluba usur na busa, na busa, har kunnena ya toshe.

Mai mashi ne ya fara isowa, sai manaja, sai ɗiyata, sai mijinta. Aka haska ni ina tsaye kan kujera, daga ni sai singileti da wandon barci, laima a hannu, usur a baki. Manaja ta yaye bargo ta ɗago gawar. Salkar roba ce ta ruwan zafi, an sa mata rigar ulu, wai al'adarsu ce su saka wa baƙo a gado don ɗumama ƙafa. Surukina ya kafe idonsa a ƙasa kamar yadda ya kamata, amma kafaɗunsa na rawa. Na ce masa sanyi yake ji? Ya ce, "Ƙwarai, Baba."

Aka sauya shimfiɗa, kowa ya watse. Can dare ya raba sai na ji wani gurnani daga kogi, kamar janareta ya ƙi tashi ana ta jan igiya. Dorina ce. Da rana tana ruwa, da dare take fitowa kiwo, kuma ciyawar da ta fi mata daɗi a duk faɗin Kenya ita ce ta bayan kaina. Ina jin tana fizga tana taunawa, tsakanina da dabbar da ta haura tan guda babu komai sai tamfol. Na karanta duk abin da na haddace, har da wanda na manta.

Da dorina ta gusa, wani baƙon ya iso. Wannan ba ya kiwo. Shinshina yake, a hankali, yana bin gindin tanti, har ya tsaya daidai kusurwar da jakata take. Tamfol ya lotso ciki da siffar hanci. Sai daga can nesa 'yar'uwarsa ta yi kuka, na gane ko wace ce. An ce ba a ba kura ajiyar nama, ni kuwa na kawo mata har gida.

Hajiya ta ce, "Busa usur ɗin."

Na ce ba zan busa ba. Dattijo ba ya tara surukinsa sau biyu a dare ɗaya.

Ta yi shiru, ta ja numfashi ta hanci, sannan ta ce, "Alhaji, me ke cikin jakar nan?"

Na ce ba lokacin bincike ba ne. In na jefa shi waje, gobe duk kurayen Narok za su zo da iyalansu. In na kira mai mashi, manaja za ta ji. Hanya ɗaya ta rage. Na rarrafa na jawo jakar tsakiyar gado, na warware babbar riga, muka zauna cikin duhu muka fara ci. Kilishin kuwa na musamman ne, na sa a ƙara masa yaji, kuma yawansa ya isa guzurin mako. Hajiya da farko ta ce ba ruwanta, amma da hancin ya sake lotsowa sai ta miƙo hannu. Muna ci hawaye na zuba, ba halin tari, ba halin atishawa, ruwan sha ya ƙare tun a rabi. Na kai hannu kan salkar Hajiya da ta tsira, ta buge mini hannu. Ko takardar da aka naɗe shi da ita sai da na lashe, na cusa ta cikin safa, na cusa safar ƙarƙashin katifa. A tsawon aurenmu ba mu taɓa cin abinci cikin haɗin kai irin na daren nan ba.

Wajen asuba shinshinar ta ɗauke. Na yi alwala da bakin da ba na jinsa, na fuskanci gabas na tayar da salla. Da gari ya waye surukina ya zo gaisuwa, ya ga yadda na shimfiɗa dardumar, ya yi ta murza hannu kafin ya ce, "Baba, a nan alƙibla arewa take." Na ce na sani, iska ce ta juya ta.

Na zuge zif don in sa takalmi. Ƙafa ɗaya babu ita ko alama. Ɗayar tana can gindin wata ƙaya, an cinye ta har dunduniya, an bar mini ƙarfen maɗauri. Mai mashi ya ɗaga shi yana dubawa, ya ce kura ba ta wuce fata, haƙorinta ƙashi ma niƙe shi yake. Haka na je karin kumallo cikin Turawa da babbar riga mai ƙanshin yaji da silifas ɗin banɗaki. Manaja ta ba ni haƙuri, ta ce abin ya ba ta mamaki yadda kurar ta nace wa tantinmu, ko akwai abinci a ciki? Na dubi idonta na ce a halin yanzu dai babu.

Sauran kwanakin na yi barci, don cikina ya ba ni aikin da ya mantar da ni dorina. Mun ga zakuna suna farauta da dare, mun taka a ƙafa har kusa da raƙuman dawa, ni da takalmin aro na surukina wanda ya matse ni. Har gobe ina kan bakana, sansanin da na zaɓa ya fi na duk wanda ya kawo shawara a zauren nan, kuma wanda yake da hali ya je. Sai dai ya cinye kilishinsa tun a Nairobi, ya kwana da takalminsa a ciki. Hajiya kuwa ta riga ta sanar cewa baɗi Umra za mu, kuma ita za ta zaɓi otal.