Rabe-raben Marasa Sa'a a Makarantun Hotoro da Kewaye

Ilimin gado, wato fannin nazarin halittu da ke bayanin yadda siffofin iyaye ke sauka ga 'ya'ya, yakan riski ɗaliban sakandare ne a ajin ƙarshe, kuma tun daga ranar da malami ya zana a allo yadda Gregor Mendel, wanda ya wallafa sakamakon gwajinsa a 1866, ya haɗa dogon waken Turawa da gajere ya samu dogaye uku a kan kowane gajere ɗaya cikin jikoki, ɗaliban Hotoro da Tarauni da Gyaɗi-Gyaɗi suka samu abin da suka daɗe suna nema, wato hujjar ilimi cewa laifin ba nasu ba ne. Dama Bahaushe yana maganar ƙashin tsiya da ƙashin arziki, kamar dai sa'a a cikin jiki take, saboda haka lissafi kawai Mendel ya ƙara.

Na farko a rabe-raben marasa sa'a shi ne mai rinjayayyiyar tsiya, domin siffa mai rinjaye ita ce wadda ƙwayar gado guda, daga uwa ko uba, ta isa ta fito da ita fili. Idan aji ya kaure da surutu sunansa kaɗai monita ke tunawa, idan ya hau adaidaita sahu a shataletalen Hotoro mai yakan ƙare kafin a kai Tarauni, sannan babin da ya tsallake shi ne tambaya ta ɗaya ta dole. Ƙaninsa a tsiya shi ne mai laɓaɓɓiya, wadda kan kwanta shiru shekara guda sai ranar jarrabawar kwalifayin, wadda da ita gwamnatin Kano ke tace waɗanda za ta biya wa kuɗin jarrabawar NECO, a ranar ne biro zai ƙafe, ciki ya murɗa.

Wanda ya fi cancantar nazari shi ne mai ɗauke da tsiya ba tare da ta taɓa shi ba. A fagen lafiya wannan magana ce ta gaske, kuma mutanen Kano sun san ta, musamman tun da dokar 2024 ta wajabta gwajin jini kafin aure, inda mai rukunin AS ke ɗauke da ƙwayar sikila alhali lafiyarsa ƙalau. A aji kuwa sunansa mai farar ƙafa. Shi ne ke rubuta takardar satar amsa da ƙananan haruffa, ya naɗe ta cikin safa, ya miƙa wa maƙwabcinsa daidai lokacin da mai sa ido ya waiwayo. Shi ne ke fara tsallake katanga ya dira lafiya, na bayansa kuma ya dira a gaban maigadi. Bayan an gama tsallen kwaɗo da noman ciyawa sai ya zo da fuskar jaje yana cewa "Allah ya kiyaye gaba, mutumina," hannunsa kuma yana cikin awarar wanda aka zane.

Akwai kuma ɗan muhalli, wanda ya yi imani cewa yanayi ke gina mutum ba jini ba, don haka kullum yake ɗora makararsa a kan cunkoson titin Zariya a gaban Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, ko da yake gidansu a bayan makaranta yake.

Na ƙarshe shi ne masanin da ke kai darasin gida, ya ajiye sakamako mai jan biro a gaban mahaifinsa, ya durƙusa ya ce, "Baba, malam ya ce cikin ƙunshin gado 46 da ke kusan kowace ƙwayar halittar jikina, 23 daga wajenka suka fito." A nan nazarin kan ci karo da wata matsala da Mendel bai hango ba, domin kowane uba a Kano shi ke zuwa na ɗaya a ajinsu, har ba a san inda waɗanda suka zo na biyu suka zauna ba, don haka nan take ake mayar da laifin kan sauran 23 ɗin na dangin uwa. Shari'ar takan tsaya ne kawai idan kaka tana kusa, domin ita ce ke ajiye carbi ta tuna wa ɗanta, a gaban jikanta, cewa aji uku sau biyu ya maimaita shi.