Ire-iren Masu Gudun Rabin Maraton

Rabin maraton gudun fanfalaki ne na kilomita 21 da mita 97 da rabi, wato daidai rabin kilomita 42.195 na cikakken maraton, tazarar da aka yi amfani da ita a gasar Olamfik ta Landan a 1908, aka kuma tsayar da ita a hukumance a 1921. Ƙwararru kan gama shi tun kafin shayin 'yan kallo ya huce. Yomif Kejelcha na Habasha ya yi shi cikin minti 57 da daƙiƙa 30 a birnin Balansiya na Sifen a 2024, 'yar ƙasarsu Letesenbet Gidey kuma ta yi sa'a 1 da minti 2 da daƙiƙa 52 a wannan birnin a 2021. Amma ƙwararru 'yan tsiraru ne. Galibin masu cika titi ma'aikatan ofis ne da malaman makaranta da 'yan kasuwa da 'yan fansho, waɗanda suka biya kuɗin rajista daga aljihunsu don su sha wahala da sanyin safiya. Gasar Great North Run ta Ingila, wadda Brendan Foster ya kafa a 1981, daga Newcastle zuwa South Shields, tana tara mutum wajen 60,000. A Kaduna ma an yi tseren kilomita 21 a Nuwamban 2020.

Dalilin farin jinin wannan tazara a fili yake. Tana da tsawon da za a yi alfahari da shi a ofis ranar Litinin, ba ta kuma kai tsawon da zai kwantar da mutum mako guda ba. Mai ƙoshin lafiya yana iya shirya mata cikin wata uku. Masu yin ta don sha'awa iri-iri ne, kuma ko wane iri yana da kilomitar da halinsa ke fitowa, don haka ya fi sauƙi a bi su bisa tsarin hanya.

Tun kafin a busa usur ake gane Mai Kayan Aiki. Takalminsa irin mai farantin kabon ne a cikin tafin, samfurin da ya yaɗu bayan kamfanin Nike ya fito da Vaporfly a 2017, kuɗinsa kuwa ya haura albashin wata na mutane da yawa. Ga safa mai matse sha-raɓa, ga tabarau, ga ɗamara cike da 'yan ledojin sukari mai kauri, ga farin filasta a kan hanci wai don numfashi. Ya san nauyin takalminsa giram-giram, amma bai san rabonsa da gudun kilomita goma ba. Idan aka tuna masa cewa Abebe Bikila ya ci maraton na Olamfik a Rum a 1960 ƙafarsa ba takalmi, sai ya ce ai zamani ya canja.

Kusa da shi akwai Mai Uzuri, wanda ke raba hanzarinsa tun ba a tambaye shi ba: gwiwa tana damunsa, jiya bai runtsa ba, mura ce ke neman kama shi, shi dai ya zo ne ya ɗan motsa jini. Wannan iri kashi biyu ne. Na farko maƙaryaci ne, ya yi wata huɗu yana atisaye a ɓoye kafin asuba, kuma zai gama cikin sa'a ɗaya da rabi. Na biyu gaskiya yake faɗa, ita ce ma matsalarsa. Ba a bambance su da ido sai an wuce kilomita takwas.

Da an saki mutane, Ɗan Gaggawa ne ke fara yin suna. Yakan kutsa sahun gaba, inda ba nan ne gurbinsa ba, ya fyalla da gudun da bai taɓa yin irinsa a atisaye ba, yana kewaye mutane dama da hagu yana tsaki. Lissafinsa shi ne ya tara mintoci tun da ƙarfinsa, ya ci su daga baya. Jiki ba ya karɓar irin wannan ajiya. Gudun da ya wuce kima yana cinye sukarin da tsoka ta adana da wuri, yana kuma tara gajiyar da ba ta sauka sai an rage sauri, shi ya sa masu horarwa ke cewa a yi rabin farko a hankali, a ƙara wuta a rabi na biyu. Wajen kilomita 14 ake tarar da shi, hannu a ƙugu, yana tafiya yana duban takalminsa kamar laifin daga nan ne. Duk waɗanda ya yi wa tsaki za su wuce shi ɗaya bayan ɗaya, kuma kowa ya gane rigarsa. Sauri ya haifi nawa.

Bawan Agogo ya fi kowa yawa a wannan zamani, ya kuma fi kowa cancantar a yi dogon bayani a kansa. Burinsa ɗaya ne, ya gama ƙasa da sa'a biyu, wato ko wace kilomita a minti 5 da daƙiƙa 41. Bai ga gada ba, bai ga teku ba, bai ga yaran da ke miƙo hannu a tafa ba, idonsa yana kan tsintsiyar hannunsa. Agogon nasa yana magana da tauraron ɗan'adam, yana ƙidaya bugun zuciya da taku, yana kuka duk bayan kilomita, kuma da yake dubbai ne irinsa, kukan yakan tashi lokaci guda a kusa da ko wane allo. Rigimarsa tana farawa ne bayan an gama, sa'ad da agogo ya nuna masa kilomita 21.3. Nan take zai ce an cuce shi, hanya ta yi tsawo. Gaskiyar ita ce ana auna hanyar ne da keke mai na'urar ƙidaya, a bi layi mafi gajarta da ɗan tsere zai iya bi a ko wace kwana, shi kuwa ya yi ta kauce wa mutane yana ratsewa wurin ruwa. Idan kuma agogon ya nuna 20.9, sai a gan shi da lambar yabo a wuya yana zagaya wurin ajiye motoci don ya cike. Kafin ya sha ruwa ya ɗora sakamakon a manhajar Strava, domin a wurinsa gudun da ba a ɗora ba ba a yi shi ba.

Masu shirya gasa kan sa wasu gogaggu su ɗaura tuta ko balan-balan mai ɗauke da lokaci, don mai neman wannan lokacin ya bi su. 'Yan Rakiya su ne ke manne wa mai balan-balan tamkar 'yan tsaki a bayan kaza, su taka masa dunduniya, idan kuma suka gaza, shi ne ya yi sauri. A bayansu akwai 'Yan Hira, biyu-biyu ko uku-uku, sun tare hanya kafaɗa da kafaɗa suna warware rikicin ofis da maganar auren wance. Abin haushin shi ne ilimin motsa jiki yana bayansu: wanda ke iya magana yana gudu bai wuce ƙarfinsa ba, don haka sukan iso ƙarshe garau.

Mai Tsoron Ƙishirwa ba ya wuce teburin ruwa. Ya sha kofi biyu, ya zuba ɗaya a ka, ya riƙe ɗaya. Wannan ba abin dariya ba ne gaba ɗaya, domin ruwan da ya yi yawa yana tsinka gishirin jini, ya jawo jiri da amai da ruɗewa, a wasu lokutan har da mutuwa, kuma masu tafiya a hankali ya fi kamawa. Ɗan'uwansa shi ne wanda ya cika ciki da taliya daren jiya don ya ji an ce haka ƙwararru ke yi. Shi ana ganin sa ne a layin bayan gida.

Daga kilomita 16 Dattijo ke bayyana. Rigarsa ta wata gasa ce da aka yi kafin a haifi rabin 'yan tseren, takunsa gajere, ƙafarsa da ƙyar take barin ƙasa, ba ya haki, ba ya magana. Saurin da ya fara da shi, da shi zai gama. Idan ya wuce saurayi yakan ce, "Sannu, yaro, saura kaɗan," saurayin kuma ya ce, "Yawwa, Baba," da sauran numfashin da ya rage masa. Irin su Fauja Singh ke nan, wanda ya kammala cikakken maraton a Toronto a 2011, ana ba shi shekara ɗari. Abin da ya fi wucewar Dattijo ciwo shi ne Mai Shigar Burtu, wanda ke tara wa ƙungiyar agaji kuɗi cikin kayan kaza ko ayaba ko karkanda. A Great North Run har da wanda ya sha yin gudun da firij goye a baya. Mutumin da ya sayi takalmin kabon, ayaba ta wuce shi a gaban iyalinsa, ba ya son a tayar da zancen.

Ɗan Yanke ba a ganin sa a tsakiya ko kaɗan, wannan ita ce alamarsa. A rabin maraton na Shenzhen a Sin, cikin Nuwamban 2018, an hukunta mutum 258, mafi yawansu saboda yanke hanya, har kyamarorin titi suka kama wasunsu suna ratsa shuke-shuken tsakiyar hanya zuwa ɗaya hannun, wasu kuma da lambar ƙirji ta jabu. Abin da ke tona asirin Ɗan Yanke shi ne ɗan guntun na'urar da ke manne a bayan lambar, wanda ke rubuta lokaci duk sa'ad da aka taka shimfiɗar awo a kan hanya. Wanda aka ga sawunsa a kilomita 5 da 20, babu shi a 10 da 15, sai ya yi bayani.

A mita ɗari biyu na ƙarshe, Ɗan Hoto ke farfaɗowa. Ya yi kilomita biyar yana jan ƙafa, amma da ya hango mai kyamara sai ƙirji ya fito, murmushi ya dawo, ya tsinke da gudu ya wuce wata baiwar Allah da ta yi ta ba shi ƙwarin gwiwa a hanya. Can baya kuma, bayan sa'a uku ko fiye, Na Ƙarshe ke tahowa, motar kwashe gajiyayyu tana binsa a hankali, ma'aikata suna naɗe shinge. Shi ya fi kowa daɗewa a rana, kuma lambar yabonsa iri ɗaya ce da ta wanda ya zo na ɗari.

Bayan layi kusan duka sukan koma iri guda, Mai Rantsuwa, wanda ke zaune a gefen titi ya cire takalmi yana duban bororo, yana cewa shi da gudu har abada. Ciwon cinya yakan fi tsananta kwana ɗaya zuwa biyu bayan tsere, lokacin da ake ganin sa yana sauka daga bene da baya-baya, yana dafe da ƙarfe. Masu shirya gasa sun san shi sarai, shi ya sa da yawansu ke buɗe rajistar baɗi cikin makon nan, da rangwame ga wanda ya riga biya.